Modem na layin tarho: yadda ake haɗa shi da gwada shi

Wanne ya fi, na ciki ko na waje?

Modem na'ura ce da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho. Na ciki kati ne da ake sokawa a ramin PCI, wato ramin kati da ke cikin kwamfuta, bayan an kashe kwamfuta an zare ta daga wuta. Na waje ɗan akwati ne da ake jonawa ta USB ko ta siriyal, wani tsohon rami a bayan kwamfuta. Ni dai na waje nake so, don fitilunsa kan nuna maka halin da ake ciki. Masu arahar na ciki, wato Winmodem, da direban Windows suke aiki, wato manhajar da ke sarrafa su. Ka kai su Linux sai gardama.

Ramuka biyu ne a bayan modem ɗin. Ina wayar bango za ta shiga?

A wanda aka rubuta LINE. Ɗayan, PHONE, na tarhon gida ne. Kada ka jona shi da layin dijital irin na ofis, yana iya ƙonewa.

Na sa direba. Ta yaya zan san yana aiki?

Kafin ka kira kowa, fara yi wa modem ɗin magana. A tsohuwar Windows XP buɗe manhajar HyperTerminal, zaɓi COM ɗin da yake kai, wato lambar mahaɗarsa da kwamfuta, rubuta AT, danna Enter. In ya amsa OK, tsakaninsa da kwamfuta lafiya lau. Wannan yaren tun 1981 kamfanin Hayes ya fito da shi.

Daga nan sai ka rubuta ATDT, wato umarnin buga waya, da lambar kamfanin intanet ɗinka, ka kasa kunne. Za ka ji ƙarar layi, sai lambobi ɗaya bayan ɗaya, sai wani ƙugi da shuuu kamar rediyon da ya ɓace tasha. Kada ka tsorata, modem biyu ne ke cinikin gudun da za su iya. In sun daidaita, CONNECT zai fito.

Ya ƙi haɗawa, lamba kawai yake nunawa.

680 na nufin bai ji ƙarar layi ba: jona tarho a ramin bangon ka saurara da kanka. 676, layin can a cike yake. 691 kuwa ba ruwan modem, suna ko kalmar sirri ce ba daidai ba.

An rubuta 56k, amma 44 nake gani.

Ba cutar ka aka yi ba. 56, wato kilobit 56 a daƙiƙa, ita ce iyakar gudun saukewa a tsarin modem na V.90 na 1998, aikawa kuma 33.6. Tsohuwar waya da hayaniyar layi su ke cinye sauran. In kuma yana yankewa duk lokacin da aka kira gidan, kashe jiran kira a layin, wato tsarin da ke sanar da kai shigowar wani kira kana kan layi.