Waiwaye: yadda alamar gado ta shiga aikin irin hatsi

Da damana ta matso, gardamar iri takan tashi a Tahoua. Manomi zai ɗebi hatsi a tafin hannu, ya murza, ya dubi mai tiya: "Malam, ba dai OGM ba ne?" OGM dai shi ne irin da aka sa wa gadon wata halitta. Tun da Burkina Faso ta bar audugar Bt, wadda OGM ce mai kashe tsutsa, a 2016, Najeriya kuma ta amince da waken Bt a 2019, duk irin da ya ratsa ɗakin bincike ya zama abin zargi. An yi kuɗin goro, har da aikin alamar DNA (sinadarin da ke ɗauke da gado a jikin halitta), wanda ba ya sa wa shuka baƙon gado.

Maganar ba yau ta fara ba. Wani masani mai suna Mendel ya gano dokar gado a 1865, aka gane siffar DNA a 1953, a 1980 kuma aka nuna cewa bambancin da ke jikinta zai iya zama alama, kamar shaidar da ke wuyan raƙumi mai nuna garken da ya fito.

Inda aka sha kwana shi ne Indiya, kuma kan hatsi, wanda asalinsa namu ne na Sahel. A jihar Haryana akwai iri mai saurin nuna, HHB 67, da manoma suka rungume; ana samunsa ne ta barbarar iri biyu, uwa da uba. Sai cutar nan da ke mayar da zangarniya tarin ganye ta fara cin ƙarfinsa. Masanan ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da na jami'ar noma ta jihar suka yi barbarar uban irin da wani hatsi mai jure cutar. Maimakon jiran gona ta nuna, sai su tsinki ganyen tsiro, su duba alamar. Wanda ya gaji juriya a maimaita barbararsa da uban, saura a watsar. Gyaran uwar irin ta tsohuwar hanya ya ci kusan shekara 9, na uban da alama shekara 3 da 'yan kai. A 2005 aka fitar da sabon irin, hatsi cikin hatsi, ba gadon wata halitta a jikinsa.

A nawa ganin, nan aka yi sake. ICRISAT ɗin nan tana da cibiya a Sadoré, kudu da Yamai, a 2017 kuma aka karance jerin gadon hatsi kaf. Amma labarin ya maƙale a mujallun Turanci da Faransanci, bai sauko rediyon karkara da bakin rumbu ba, inda ake zaɓen zangarniyar iri.