Zogale

Zogale bishiya ce mai saurin girma da ake cin ganyenta, 'ya'yanta da furenta. Masana tsirrai suna kiran ta Moringa oleifera, sunan da masanin Faransa Lamarck ya ba ta a 1785, kuma ita ce ta fi shahara cikin jinsuna 13 na danginta. A ƙasar Hausa ana kuma ce mata zogala gandi ko bagaruwar Makka. Tana jure fari, ba ta son ƙasar da ruwa ke kwanciya, kuma takan kai mita 10 idan ba a datse ta ba.

Asali da yaɗuwa

Akasarin masana sun tafi a kan cewa asalinta arewa maso yammacin Indiya ne, a gindin tsaunukan Himalaya. Daga nan ta bazu zuwa ƙasashen Larabawa da gabashin Afirka, mai yiwuwa ta hannun fatake. Ana zaton ta shigo ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma sunan bagaruwar Makka ya sa wasu ke ganin alhazai ne suka zo da irinta. Da can ba gona ake yi mata ba. Akan kafa reshenta a jikin danga ko bayan ɗaki, kusa da makwararar ruwan wanka, ta kama da kanta, uwar gida ta riƙa tsinka idan miya ta taso. Noman ta don kasuwa ya bunƙasa ne daga baya, musamman a lambunan jihar Maraɗi da bakin kogin Kwara kusa da Yamai. Wani iri mai suna PKM-1, wanda jami'ar noma ta Tamil Nadu da ke Indiya ta fitar a 1989, ya shigo yankin saboda saurin ba da amfani.

A ƙarshen shekarun 1990 an gudanar da wani aiki a yankin Kasamans na Senegal inda aka riƙa ƙara garin zogale a abincin yara masu tamowa da mata masu shayarwa. Wannan aikin na cikin abubuwan da suka jawo hankalin ƙungiyoyin agaji zuwa ga ganyen da kakanni suka daɗe suna ci.

Abin da ke cikin ganyen

Giram 100 na ɗanyen ganye na ɗauke da kusan giram 9 na furotin, wato sinadarin gina jiki, abin da ya zarce na yawancin ganyayyakin miya. Akwai sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 4, kalsiyam kimanin miligiram 185, da bitamin A da C masu yawa. Idan ganyen ya bushe, furotin kan kai kusan rubu'in nauyinsa, domin ruwa ya fita. Sai dai bitamin C ba ya jure zafi da iska, yawancinsa kan tafi wajen shanya. Akwai kuma sinadaran da ke riƙe ƙarfe da kalsiyam su hana hanji tsotse su duka. Shi ya sa haɗa zogale da tumatir ko matsin lemun tsami yake da amfani, shan shayi a kansa nan take kuma yana rage amfanin.

Dafawa

Kwaɗo shi ne sanannen abincin zogale. Ana tsige ganyen daga tsinkayensa, a wanke, a zuba a tafasasshen ruwa ɗan kaɗan, a bar shi har ya yi laushi. Ganye sabon toho ba ya wuce minti 10 zuwa 15, tsohon ganye ko busasshe kan ɗauki fiye da haka. Sai a tsame, a matse, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, attaruhu, gishiri da ɗan man gyaɗa. Man yana da muhimmanci, saboda bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo.

Kurakurai biyu sun fi yawa. Na farko shi ne jefa kanwa don ganyen ya yi saurin nuna, wanda ke lalata bitamin C da wasu daga dangin bitamin B. Na biyu shi ne dafawa da ruwa mai yawa a zubar, domin wani ɓangare na amfanin yana cikin ruwan. Gara a rage ruwan tun farko, abin da ya saura a sa shi a miya. Ana kuma yin dambu da tsakin masara ko na shinkafa, inda turarawa ke kiyaye ganyen fiye da tafasawa, da miyar zogale da gyaɗa.

Shanya da yin gari

A tsinko ganye da safe, a cire masu rawaya da waɗanda tsutsa ta ci. A wanke da ruwa mai tsabta, a bar shi ya tsane, sannan a baza shi siriri a kan tabarma ko faifai a ɗaki mai iska, ba a ƙasa ba. Rana kai tsaye tana kashe bitamin A, kuma alamar hakan ita ce ganyen ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Da rani kwana 3 zuwa 4 sun isa. Da damina sai an riƙa juya shi, in ba haka ba ya yi fumfuna, wanda ya yi kuwa zubarwa ake yi. Ya bushe ne idan aka murza shi a tafin hannu ya ruguje. Kilo 4 zuwa 5 na tsigaggen ganye kan ba da kusan kilo 1 na busasshe. A daka a busasshen turmi, a tankaɗe, a adana a mazubi mai murfi nesa da haske, a yi amfani da shi cikin wata 6.

Babban cokali ɗaya a cike yana da kusan giram 8. Ana barbaɗa shi a kunu, miya ko fate bayan an sauke daga wuta. Wanda bai saba ba ya fara da rabin ƙaramin cokali, domin yawansa yana sakin ciki. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai yake buƙata.

Tace ruwa da 'ya'yan zogale

Matan karkara a Sudan sun daɗe suna amfani da 'ya'yan wajen kwantar da laka a ruwan kogin Nilu. Ana ɓare busasshen ƙwaya, a daka, a dama da ruwa mai tsabta, a zuba a bokitin ruwan da ake son tacewa, kimanin ƙwaya ɗaya ga kowace lita. A gauraya da sauri na minti 2, sannan a hankali na minti 10, a bar shi awa ɗaya. Ruwan zai yi garau, amma ba ya rabuwa da duk ƙwayoyin cuta, don haka sai an tafasa shi.

Magani da hattara

Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna ganyen na iya rage sukarin jini kaɗan, amma hujjar ba ta kai a ajiye maganin asibiti ba. Iƙirarin cewa yana warkar da sankara ko ƙanjamau bai tabbata ba. Mai shan maganin ciwon suga, hawan jini ko na maƙoƙo ya tuntuɓi likita kafin ya riƙa shan garin kullum. Saiwa da ɓawon bishiyar suna da sinadarai masu guba, kuma suna iya tayar da naƙuda, saboda haka mai juna biyu ta tsaya ga ganye a cikin abinci.