Tumaki, Kaji da Tanderu: Tambayoyi Kan Ƙaramin Gidan Gona a Lokacin Sanyi

Mutane da yawa na burin samun ɗan fili, su ajiye tumaki kaɗan da kaji, idan sanyi ya shigo kuma su hura tanderu gida ya ɗume da ƙamshin burodi. Buri ne mai kyau, kuma yana yiwuwa. Sai dai sanyi shi ke tona asirin shirin da aka yi da wanda ba a yi ba. Ga tambayoyin da masu farawa suka fi yi.

Tumaki nawa da kaji nawa suka isa a fara da su?

Kada a ajiye tunkiya ɗaya tak. Dabbar garke ce, idan ta rasa 'yan uwa sai ta yi ta kuka, ta rage cin abinci, ta riƙa neman hanyar tsallake shinge. Uku sun isa mafari. Kaji kuwa huɗu zuwa shida za su wadatar da ƙaramin iyali, kuma ba sai da zakara suke yin ƙwai ba. Ana buƙatarsa ne kawai idan ana son ƙyanƙyasa, wadda ke ɗaukar kwana 21.

Abin da ya kamata ya yanke yawan tumakin shi ne busasshiyar ciyawar da aka tanada. Tunkiya mai nauyin kilo 60 tana cin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a rana. Ke nan tumaki uku, a wata huɗu da ba ciyawa a fili, za su lashe kilo 540 zuwa 720. A yi wannan lissafin kafin a sayo dabbar, ba bayan ta shigo gida ba.

Za a iya haɗa su wuri ɗaya?

A filin kiwo, ƙwarai kuwa. Kaji na tona kashin tumaki suna tsince ƙwari, tumakin kuma ba ruwansu da su. Wajen abinci ne haɗarin yake, kuma wannan magana ina so a riƙe ta da hannu biyu: kada a bar tunkiya ta ci abincin kaji. Dalili biyu ne. Na farko, abincin kaji na ɗauke da sinadarin jan ƙarfe fiye da abin da jikin tunkiya ke iya fitarwa. Yana taruwa a hantarta sannu a hankali, ba alamar komai, har ranar da za ta faɗi farat ɗaya. Na biyu, yawancinsa tsaba ce. Tunkiyar da ta samu buhu a buɗe ba za ta ɗaga kai ba sai ta cika tumbi, tsabar ta yi tsami a ciki, ta kumbura, kuma tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka a ajiye abincin kaji a cikin akurki mai ƙaramar ƙofa wadda kan tunkiya ba zai shiga ba, buhun kuma a ɗakin da ke kulle. Haka nan gishirin lasa, a tabbatar na tumaki ne, domin na shanu da na awaki sukan zo da jan ƙarfe mai yawa.

Kuma kada a bar kaji su mai da saman kwamin ciyawa wurin kwana. Ciyawar da suka yi wa kashi, tumaki ƙyamarta suke yi.

Sanyi na cutar da tumaki?

Ba kamar yadda ake zato ba. Zafin jikin tunkiya ya kai digiri 39 a ma'aunin Salshiyas, ga ulu mai maiƙo da ke hana ruwa ratsawa da wuri. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara za ka ga tunkiya kwance, ƙanƙarar ta taru fari fat a bayanta ba ta narke ba, ita kuwa tana ta tuƙa hankali kwance. Rashin narkewar nan alama ce mai kyau, tana nuna ɗumin jikinta bai fita waje. Nau'in da ba su da ulu, masu gajeren gashi, sun fi buƙatar mafaka.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. A cikin tumbin tunkiya akwai ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, aikin nasu kuma yana haifar da zafi. Shi ya sa a daren da sanyi ya tsananta, abin da ya fi amfani shi ne a ƙara mata busasshiyar ciyawa, ba tsaba ba.

Abin tsoro shi ne jiƙewa haɗe da iska. Rumfa mai bango uku, wadda ta juya wa iska baya, da busasshen ƙasa, ta fi rufaffen ɗaki mai laima. A ɗakin da iska ba ta zagayawa ciwon huhu ke kama su, a taɓo kuma kofato ke ruɓewa. Tunkiyar da aka ga tana kiwo a durƙushe kan gwiwoyinta, a kama ta a duba ƙafar tun ranar.

Idan haihuwa ta zo a tsakiyar sanyi fa?

Tunkiya na ɗaukar ciki kusan wata biyar, wato wajen kwana 147. Yawancin girman ɗan yana faruwa ne a makonni shida na ƙarshe, daidai lokacin da ya matse mata tumbi ba ta iya cin da yawa. A nan ne take buƙatar ciyawa mafi kyau da ɗan ƙarin tsaba, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Mai ɗauke da tagwaye, idan abinci ya gaza, takan ware daga garke, ta yi sanyi, ta kasa tashi. Wannan aikin likitan dabbobi ne, ba na jira a ga gobe ba.

Ɗan rago yana faɗowa a jiƙe, kitse kaɗan ne a jikinsa, sanyi na iya gamawa da shi cikin sa'o'i. Abu biyu ke cetonsa: ya bushe, ya kuma sha dakashi, wato nonon farko na uwarsa, da wuri. A ka'ida yana buƙatar kusan mililita 200 a kan kowane kilo na nauyinsa cikin yini na farko. Hanyar gane halin da yake ciki mai sauƙi ce, a sa yatsa a bakinsa. Idan da ɗumi kuma ya tsotsa, lafiya lau. Idan bakin da sanyi, sai a ɗumama shi nan take. Wanda ba ya iya ɗaga kai kada a ɗura masa nono, zai shaƙe.

Me ya sa kajina suka daina ƙwai?

Yawanci ba sanyin ba ne, gajartar yini ce. Kaza na buƙatar hasken sa'o'i 14 zuwa 16 kafin jikinta ya ci gaba da ƙwai yadda ya saba, kowane ƙwai kuma na ɗaukar sa'o'i 24 zuwa 26 kafin ya haɗu. Ga kuma sauyin gashi da manyan kaji ke yi gab da shigowar sanyi. Gashi kusan duk furotin ne, jiki ba ya iya yin sabon gashi da ƙwai a lokaci guda.

Wasu na kunna ƙwan fitila da asuba don tsawaita hasken, kuma yana aiki. Ni dai a ƙaramin gida na fi son a bar kaza ta huta. Wanda ke son ƙwai duk shekara, ya riƙa shigo da sababbin sagaru kowace shekara, domin waɗanda suka fara ƙwai a makonni 18 zuwa 22 sukan ratsa sanyinsu na farko ba su tsaya ba.

In toshe akurki in sa musu fitilar ɗumi?

A'a. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41, idan ta hau sandar kwana ta baza gashi ta rufe yatsunta da cikinta, ta gama shiri. Don haka sandar ta zama mai ɗan faɗi. Numfashin kaji da kashinsu na fitar da tururi, idan ba mafita sai ya sauka a kan zankonsu, a wurare masu tsananin sanyi ya daskare har bakin zankon ya yi baƙi. A toshe kafofin da ke daidai inda suke kwana, a bar na can sama kusa da rufi a buɗe. Idan ka shiga da safe warin kashi ya yi maka yaji a ido, iskar ba ta isa ba, shimfiɗar kuma na son ƙarin busasshiyar dusar katako.

Fitilar ɗumi a ɗakin da ke cike da ƙura da busasshiyar ciyawa da tsuntsaye masu tashi, gobara ake gayyata. 'Yan tsaki kaɗai ke buƙatarta.

Ruwa ma kada a manta. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, tunkiya kuma ba ta cin busasshiyar ciyawa sosai idan ba ta sha ba. Inda ruwa ke daskarewa a duba shi safe da yamma.

Lokacin da aka fi son gasa burodi da kek shi ne ƙwai ya yi ƙaranci. Mene ne mafita?

A tanada tun ana samu da yawa. A fasa, a kaɗa kaɗan, a sa ɗan gishiri ko sukari don kada gwaiduwa ta yi danƙo, a daskarar a firiza. Ba a daskarar da ƙwai da ɓawonsa. Sabon ƙwai kuma yana zuwa da wani siririn rufi da ke kare shi, wanki na cire shi, saboda haka wanda aka wanke sai firij. Burodi na asali dai ba ya buƙatar ƙwai ko ɗaya.

Kwaɓina ya ƙi tashi. Yis ɗin ne ya mutu?

Da wuya. Yis abu ne mai rai, ya fi sakin jiki a digiri 24 zuwa 27. A ɗakin girki mai sanyi, kwaɓin da ya saba tashi cikin sa'a ɗaya zai iya cin uku. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zuba ruwan zafi don a gaggauta, alhali yis na mutuwa idan zafi ya doshi digiri 60. Ruwa mai ɗumin jiki ya isa. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan har riba take kawowa, domin kwaɓin da ya tashi a hankali ya fi ɗanɗano da ƙamshi. Masu gasa burodi da yawa da gangan suke kwanar da shi a firij.

Ma'auni mai sauƙi: fulawa giram 500, ruwa mililita 330, gishiri giram 10, busasshen yis giram 7. A murza minti goma har ya yi santsi, a rufe. A daina kallon agogo, a kalli kwaɓin. Idan ya ninka, a danna shi da yatsa mai fulawa: ramin ya riƙa dawowa a hankali bai cike duka ba, to ya yi. Bayan an siffanta shi ya sake tashi, sai tanderu mai zafin digiri 220, minti 30 zuwa 35. A ƙwanƙwasa ƙasansa, idan ya yi amo irin na ganga ya gasu. A daure a bar shi ya huce kafin a yanka, cikinsa bai gama haɗuwa ba.

Kek kuwa, abin da ke ɓata shi a sanyi shi ne ƙwai mai sanyi da aka fasa cikin bota da sukari, sai haɗin ya tsinke. A jiƙa ƙwan cikin ruwan ɗumi minti goma tukuna. Kirfa, citta da kanumfari su ne kayan ƙamshin da suka dace da wannan lokaci.

Mai gashi da gawayi ko itace, don Allah ya bar taga a buɗe. Iskar da garwashi ke fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci.

Ragowar burodi fa, a ba dabbobi?

Kaji za su iya cin ɗan gutsure, amma duk wani abin marmari kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsu, don burodi na cika ciki ba tare da furotin da kalsiyam ɗin da ƙwai ke buƙata ba. Tumaki gara a hana su, matsalarsa ɗaya da ta tsaba. Ɗanyen kwaɓi da abin da ya yi fumfuna, babu dabbar da za a ba. A kuma bincika dokar ƙasar da ake zaune: a Birtaniya, tun bayan annobar ciwon baki da kofato ta 2001 aka tsaurara doka, har ta kai haramun ne a ba dabbobin gona ragowar abincin ɗakin girki, ko da kajin bayan gida ne.