Mene ne "tsibirin zafi" a cikin birni?

Masu nazarin yanayi kan ce wuri ya zama "tsibirin zafi" idan birni, ko wata unguwa a cikinsa, ya fi karkarar da ke kewaye da shi zafi, alhali rana ɗaya ce ke dukansu. In aka zana taswirar zafin, sai birnin ya fito fili, wurare masu sauƙin zafi sun zagaye shi ta ko'ina. Wani masani ɗan Ingila, Luke Howard, ya rubuta labarin hakan a kan Landan tun 1818, bayan ya gwada ma'aunin zafin cikin gari da na bayan gari.

Tushen lamarin shi ne abin da aka rufe ƙasa da shi. Kwalta baƙa ce, tana shanye mafi yawan hasken da ya sauka a kanta. Siminti da bulo su ma suna tara zafi yini guda, sai rana ta faɗi su fara amayar da shi. Dafa bango bayan magariba, za ka ji yana ɗumi har yanzu. Ga dogayen gine-gine a cushe sun tare iska, ga hayaƙin motoci, ga na'urorin sanyaya ɗaki suna watso zafi waje.

Bishiya kuwa aiki biyu take yi. Na farko inuwa, wadda ke hana ƙasa da bango gasuwa tun farko. Na biyun ba a ganinsa da ido: tana zuƙo ruwa ta saiwa, ta fitar da shi ta ƙananan ƙofofin ganye, ruwan ya bi iska ya tafi da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Shi ya sa ciyawar da ta bushe ba ta tsinana abin kirki. Sai da danshi aikin ke yiwuwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce wurin da ke inuwa kan fi wanda rana ke duka sanyi da digiri 11 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos. Amma a lura, wannan zafin doron ƙasa ne. Bambancin da ke cikin iskar da muke shaƙa bai kai haka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne dare, domin a lokacin ne bambancin zafin birni da na karkara ya fi tsananta, kuma a lokacin ne jiki ke neman hutawa daga zafin yini. A tsananin zafin da aka yi a Faransa a 2003, mutum kusan 15,000 suka rasu, yawancinsu tsofaffi, kuma masu kwana a saman bene ƙarƙashin rufi sun fi shiga haɗari. A birane da yawa, unguwannin talakawa ne suka fi ƙarancin bishiyoyi, su ne kuma ba su da halin sayen na'urar sanyaya ɗaki.