PTSD: firgicin da ke bin ɗaliban aikin jinya har gida bayan annoba

PTSD taƙaitaccen suna ne da likitocin ƙwaƙwalwa ke kiran wata larura da ke kama mutum bayan ya ga tashin hankalin da ya shafi rai, kamar mutuwa, ko tsallake rijiya da baya, ko mummunan rauni, ko fyaɗe. Abin ya faru ya wuce, amma jiki da zuciya sun ƙi yarda cewa ya wuce. A 1980 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da sunan cikin kundinta na cututtuka, bayan an ga halin da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka shiga. Shi ya sa aka daɗe ana ɗaukarsa ciwon soja. Bugun kundin na 2013 ya fito fili ya haɗa da waɗanda aikinsu ke sa su ga abin tayar da hankali a kai a kai.

Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san su. Abin yakan dawo wa mutum ba da son ransa ba, ko a mafarki, ko ido biyu da rana tsaka, har ya ji kamar yanzu yake faruwa. A ce ɗalibar aikin jinya, lokacin annobar korona, ta kwana tana riƙe da hannun wani tsoho yana fafutukar numfashi, tukunyar oksijin ta ƙare kafin a kawo wata. Bayan wata uku tana gida tana wanke-wanke, ƙanenta ya yi tari a ɗaki, sai gabanta ya faɗi, gumi ya karyo mata, kwano ya suɓuce. Warin sinadarin wanke hannu kaɗai ya isa ya mayar da ita bakin gadon nan. Daga nan sai gudun duk abin da zai tuna mata: ta sauya hanya don kada ta bi ta ƙofar ɗakin da aka killace majinyata, ta tashi in an fara hirar korona. Barci ya ƙaurace, abu kaɗan ta zabura, abu kaɗan ta yi faɗa. Sai kuma zargin kai, wanda a ganina shi ya fi cin ɗalibai: “Da na kira sista da wuri, da bai mutu ba.”

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma kusan abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa ke nan. Akwai wani ɗan sashe, amigdala, mai aikin yin kururuwa in ya hango haɗari, ya sa a saki sinadaran da ke ƙara bugun zuciya. A wajen mai wannan larura sashen yakan yi saurin tashi, shi kuma ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa da ya kamata ya ce masa “kwantar da hankalinka, an wuce wurin” sai ya yi rauni.

Ba duk wanda ya ga tashin hankali ne ke kamuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na mutane za su gamu da irin wannan lamari a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai abin ke zame musu PTSD. Rashin barci da kuka a makonnin farko abu ne da aka saba gani, kuma yawanci yakan lafa da kansa. Sai alamomin sun haura wata guda, kuma sun hana mutum karatu ko aiki ko zaman lafiya da mutane, likita ke kiran sunan. Saboda haka ya kamata a riƙa tauna alƙaluman da ake yaɗawa kan yawan ɗaliban da suka kamu. Yawancin binciken da aka yi kan ɗalibai lokacin korona takardar tambayoyi aka raba ta intanet suka cike, kuma cike takarda daban, zama gaban likita daban.

To me ya sa ɗalibai? Ranar 11 ga Maris 2020 aka ayyana korona a matsayin annobar duniya, a shekarar da aka riga aka keɓe don karrama nas-nas da ungozomomi. Cikin watan nan hukumar da ke kula da aikin jinya a Birtaniya ta ba da dama ’yan ajin ƙarshe su shiga asibitoci su kama aiki ana biyansu, dubbai kuma suka amsa. Sifaniya ma ta ɗebi nata ’yan ajin ƙarshe. Yara ne ’yan shekara ashirin da ’yan kai, wasunsu ba su taɓa ganin fitar rai ba, sai ga su suna riƙe wa mai mutuwa waya ya yi bankwana da iyalinsa, don an hana ’yan uwa shiga. Ga tsoron kwasar cutar: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairu 2020 da Mayu 2021 ma’aikatan lafiya dubu 80 zuwa dubu 180 suka mutu da korona. Ga tsoron kai ta gida ga uwa mai hawan jini.

Ɗalibi yana ganin duk abin da gogaggiyar nas ke gani, amma ba shi da ƙwarewarta, ba shi da ikonta, ba shi da bakin magana. In aka ba shi takunkumi ɗaya ya yi kwana uku da shi, wa zai faɗa wa? Wadda zai kai wa ƙara ita ce mai sa hannu a littafinsa na horo. Rashin yadda za a yi a lokacin da abu ke faruwa yana cikin abubuwan da ke sa firgici ya yi jijiya.

A Najeriya an rufe makarantu a Maris 2020, don haka ɗalibai da yawa suna gida lokacin mace-macen Kano na watan Afrilu, waɗanda ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne, kuma kashi 50 zuwa 60 na iya zama sanadin korona. Amma da suka koma sun tarar da zagaye na biyu na korona a Disamba. Mu kuma annoba ba baƙuwarmu ba ce. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Borno, nas-nas ya fara kashewa. Ga kwalara duk damina, ga mashaƙon da ya ɗebi yara a Kano a 2023. Ɗalibar da aka tura ɗakin yara a irin wannan lokaci ta ga abin da ya ishe ta.

Matsalar ita ce yadda ake fassara abin in ta dawo. A makaranta a ce ta zama malalaciya, tana zille wa aikin dare. A gida, in tana zabura cikin barci, a ce ta yi gamo a asibiti, tunda dama ana cewa wurin gawa ba ya rasa iska. Wani kuma ya ce ƙarancin tawakkali ne, wanda wannan zalunci ne, don masu tsayuwar dare ma suna kamuwa. Addu’a tana sanyaya zuciya, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Kada kuma a haɗa shi da gajiyar aiki, wadda hutu da rage nauyi ke sassautawa. PTSD yakan bi mutum har cikin hutun.

Ana warkewa. Abin da aka fi samun nasara da shi shi ne zama da ƙwararre mako-mako, a bi labarin abin da ya faru daki-daki, a warware zargin kai, har tuna shi ya daina girgiza jiki. Akwai wata hanyar da ake haɗa tunawa da motsa ido hagu da dama, akwai kuma magunguna irin su satralin, da likita kaɗai ke rubutawa. Ƙwayoyin barci irin su baliyam, da ɗalibin jinya ya san inda ake samu, ba sa maganinsa, suna ma iya zama jaraba. Haka nan tara ɗalibai washegari a tilasta wa kowa ya zayyana abin da ya gani, bincike bai nuna yana da amfani ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. Malaman makarantun jinya su sani cewa a wajen wasu alamomin ba sa cika sai bayan wata shida ko fiye, lokacin an gama jarrabawa, ɗalibin ya kama aiki a wani gari, ba mai tambayarsa abin da ya gani yana aji uku.