Kare Ya Wayi Gari Yana Jan Ƙafafun Baya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ciwon Faifan Ƙashin Baya

A Katsina da Daura kare ɗan aiki ne. Akwai na mafarauta, akwai na gadin gida da gona, akwai mai bin makiyaya. A 'yan shekarun nan kuma an samu masu sayo 'yan waje da kuɗi masu kauri, manya domin gadi, ƙanana domin sha'awa. Tare da su ne wani ciwo da ba mu saba gani ba ya fara leƙowa: kare ya kwana garau, gari ya waye ƙafafunsa na baya sun ƙi ɗaukarsa. Ga tambayoyin da masu karnuka suka fi yi a kai.

Jiya lafiya lau ya ci abincinsa, yau yana jan gindi. Me ya same shi?

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce, ƙananan ƙasusuwa ne a jere. Kare yana da 7 a wuya, 13 a saitin haƙarƙari, 7 a kwankwaso, 3 da suka haɗe a ƙugu, sannan na wutsiya. Ta cikinsu laka ta ratsa, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu da mafitsara. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi, bayansa tauri, cikinsa taushi, yana aiki kamar gammo tsakanin kai da tulu. Idan faifan ya lalace, abin da ke cikinsa sai ya fashe ya yi sama ya danne laka. Wannan shi likitoci ke kira IVDD.

Wani likitan dabbobi mai suna Hansen, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, ya raba ciwon gida biyu tun 1952, kuma har yau da rabonsa ake aiki. Na farko fashewa ce farat ɗaya, ta fi samun ƙananan karnuka masu gajerun ƙafafu, galibi tsakanin shekara 3 zuwa 7. Na biyu kumburi ne da ke turowa sannu a hankali, a manyan karnuka da suka fara tsufa. A jerin ƙashin baya, wurin da ya fi fashewa shi ne inda haƙarƙari ya ƙare, kwankwaso ya fara.

Ba haukan kare ba ne kuwa?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi a ƙasar nan, tun kafin a kai hannu. Mutane sun san mahaukacin kare da cizo da dalalar da yawu, amma akwai nau'in da ba ya faɗa, shanyewa kawai yake kawowa, kuma yana iya farawa daga ƙafafun baya. Idan karen bai taɓa samun allurar riga-kafi ba, ko an san wani kare ko dabbar daji ta cije shi a makonnin baya, ko muryarsa ta sauya, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, to a killace shi, a janye yara, kada kowa ya sa hannu a bakinsa, a kira likitan dabbobi. Mutumin da karen ya riga ya ciza ko ya lasa a kan rauni ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Ba a jira a ga yadda karen zai ƙare.

Mai ciwon faifai kuwa hankalinsa na nan daram. Ya san mai shi, yana shan ruwa, sai dai ya gantsare ko ya ƙudundune bayansa, yana rawar jiki, ya yi ƙara idan aka ɗaga shi. Akwai kuma wasu abubuwan da ke kama da wannan: babur ko mota ta buge shi ba a gani ba, saran maciji, ciwon kaska da ya shanye masa jini har ya kasa miƙewa. Abin da ya sa ke nan ba a yanke hukunci daga bakin ƙofa.

Karnukanmu na gida ma suna yi?

Suna yi, amma ba sosai ba. Dogon kare siriri irin na mafarauta ya fi zuwa da karaya ko gocewar ƙashi sakamakon duka ko haɗari. Waɗanda ciwon ya fi bi su ne ƙananan 'yan waje, irin su Dachshund mai gajerun ƙafafu, wanda kusan 1 cikin 4 ko 5 ke gamuwa da shi a rayuwarsa, sai French Bulldog, Pekingese, Shih Tzu, Lhasa Apso da Beagle. A 2017 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙwayar gadon da ke sa faifan irin waɗannan karnuka ya bushe ya ƙandare tun suna ƙanana. Ke nan tsallen da ya yi daga kan kujera ba shi ne asalin ciwon ba, ya dai ƙarasa abin da ya daɗe da lalacewa. German Shepherd, wanda aka fi saye domin gadi, nau'i na biyu ya fi kama shi.

Yaya ake gane ya yi tsanani?

Likita yana auna shi a mataki 5. Na 1, ciwo ne kawai, yana tafiya. Na 2, yana tafiya amma yana tangaɗi, yana taka bayan dagi. Na 3, ƙafafun suna motsi amma ba sa ɗaukarsa. Na 4, ba motsi sam, sau da yawa fitsari ma ya ƙi fita. Na 5, ko zafi ba ya ji.

Tsakanin na 4 da na 5 ne maganar take. Za ka ga likita ya kama ɗan yatsan ƙafar baya da hantsaki ya matse ƙashin sosai, har kai mai kare ranka ya sosu. Ba ƙafar yake kallo ba, fuskar karen yake kallo. Janye ƙafa ba ya nuna komai, domin ko lakar da ta tsinke tana iya sa ƙafa ta janye da kanta. Abin da ake nema shi ne karen ya waiwayo, ya yi ƙara, ko ya kawo cizo. Idan ya yi haka, saƙo na wucewa, kuma fata na da yawa. Idan ya ci gaba da kallon bango kamar ba jikinsa ake taɓawa ba, an shiga gaggawa, a nan sa'o'i ake ƙirgawa ba kwanaki ba. Kada ka gwada wannan da kanka a gida.

Kafin in ga likita me zan yi, me kuma zan bari?

Hana shi motsi. Idan za a ɗauke shi, a zura shi kan katako ko ƙofar langa-langa, bayansa a miƙe, a ɗaure bakinsa da ƙyalle domin ciwo na sa kare ya ciji ubangidansa. Kada a ɗora shi a babur yana lilo.

Abin bari ya fi yawa. Kada a kai shi wurin maɗori a ja, a murɗa, ko a tattaka bayan. Abin da ya fashe ƙara turo shi za a yi. Kada a yi masa lalas, ƙuna kawai za a ƙara wa dabbar da za ta yi makonni a kwance. Sai maganin kemis, wanda a ganina ya fi komai kashe irin waɗannan karnuka a wajenmu. Ibuprofen da diclofenac da muke sha don ciwon jiki suna huda cikin kare, suna lalata masa ƙoda. Haɗa su da dexamethasone ko prednisolone kuwa ya fi muni, sai a ga kashi baƙi ƙirin da aman jini. Akwai magungunan rage ciwo da suka dace da kare, likita ne zai auna su da nauyinsa.

Dole sai an yi tiyata?

A'a, kuma wannan ya kamata masu karnuka a nan su riƙe da kyau, tunda tiyatar ba a bakin ƙofa take ba. Ƙungiyar ƙwararrun likitocin dabbobi ta Amurka, ACVIM, ta fitar da matsaya a 2022 bayan tattara binciken da aka yi. Karen da ke iya tafiya, kusan 8 cikin 10 suna warkewa da killacewa da magani kawai. Wanda ya shanye amma yana jin zafi, kusan 6 cikin 10 ba tiyata, sama da 9 cikin 10 da tiyata. Wanda ba ya jin zafi, kusan 2 cikin 10 ba tiyata, kusan 6 cikin 10 da ita. Wato tiyata ta fi amfani ga wanda ya shanye, ko wanda ciwon ke ƙaruwa duk da magani, ko wanda ya sha dawo masa.

Me ake yi a tiyatar, kuma ina za a dosa daga Katsina?

Da farko sai an gano wane faifai ne, kuma ta wane gefe ya fashe. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna karaya, amma ba ya nuna laka. Sai da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI ko CT, ko a zuba wani ruwa a kewayen laka sannan a ɗauki hoto. Daga nan a yi wa karen allurar barci, a tsaga baya, a huda 'yar taga a gefen ƙashin, a kwashe abin da ya danne lakar. Idan a wuya ne, ta ƙasan wuya ake shiga. Likita ba ya ɗinke laka, sarari kawai yake ba ta, ita ce za ta farfaɗo da kanta.

Asibitin dabbobi na gwamnati ko likita mai zaman kansa da ke da rajista shi ne zangon farko. Abin da ya fi ƙarfinsu sukan tura shi asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Likitanka ya fara kira ya tabbatar akwai mai yin aikin da kayan hoton, ya ji kuɗin, kafin ka kama hanyar Funtuwa ko ta Kano da kare mai ciwon baya.

To jinyar fa?

A nan ake ci, a nan ake faɗuwa, ko an yi tiyata ko ba a yi ba. Killacewa aƙalla mako 4, wasu likitocin su ce 6 ko 8. Ba ɗaure shi da sarƙa a tsakar gida ake nufi ba, ba kuma sakinsa a ɗaki ba. Keji ne ko ɗan wuri da zai iya tsayuwa, ya juya, ya kwanta, ba abin hawa a ciki. Ana fito da shi ne kawai don fitsari da kashi, a riƙe da igiya, a zura tawul ko tsohon zani ta ƙarƙashin cikinsa a tallafe ƙugun. Kuskuren da aka fi yi ba ya wuce wannan: bayan mako guda magani ya kashe ciwon, kare ya fara haushi yana kaɗa wutsiya, mai gida ya ce ai ya warke, a buɗe masa. Tsagar da ke jikin faifan ba ta haɗe ba tukuna. Tsalle ɗaya, wanda yake mataki na 2 ya koma na 4.

Fitsari shi ne na biyu. Kare shanyayye zai iya jiƙa shimfiɗa alhali mafitsararsa cike take maƙil, abin da ya yi ambaliya ne kawai ke ɗiga. Likita ya nuna maka yadda ake matse ta da hannu, sau 3 ko 4 a yini. Fitsari mai wari ko jini alamar ƙwayar cuta ce.

Sai abin da ya shafi ƙasarmu. Shimfiɗa ta zama mai taushi kuma busasshiya, a riƙa juya shi duk bayan awa 4 zuwa 6, domin kwanciya gefe ɗaya kan siminti na kawo gyambo a ƙugu. Gyambo da danshin fitsari kuwa ƙuda suke kira, cikin kwana kaɗan sai tsutsa. A duba ƙarƙashin wutsiya da matsematsi kullum, a rufa kejin da gidan sauro. A bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kada a bar keji ƙarƙashin kwano ko inda rana za ta zagayo ta same shi, tunda ba zai iya tashi ya nemi inuwa ba. A hunturu kuma a toshe masa iska. Tayil mai santsi a shimfiɗa masa tabarma. Idan an yi tiyata, zaren ɗinki ana cire shi bayan kwana 10 zuwa 14. A hankali a riƙa lanƙwasa ƙafafun ana miƙewa, a tsayar da shi na ɗan lokaci, yadda likita ya tsara.

Wannan jagwalgwalo da kare, ina maganar tsarki?

A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, fitsarinsa da kashinsa ne najasa. A sa safar hannu, a ware tufafin aikin, a wanke. Ƙarin bayani na wurin malamai.

Idan aka yi duk wannan bai tashi ba?

Wanda ke jin zafi a yatsunsa yakan fara takawa cikin mako 2 zuwa 4 bayan tiyata. Wanda ya rasa ji yana iya ɗaukar wata 3 ko fiye, wani kuma ba zai tashi ba har abada. Ƙaramin kare na iya rayuwa da keken baya mai taya biyu, wanda mai walda zai iya haɗawa idan aka ba shi awo, matuƙar akwai mai matse masa fitsari kullum. Babban kare mai kilo 35 wata magana ce daban.

Akwai kuma abin da ba ya jin magani. Fiye da 1 cikin 10 na waɗanda suka kai mataki na 5, lakarsu takan fara narkewa, lalacewar tana hawa gaba cikin 'yan kwanaki har ta kai ga ƙafafun gaba da numfashi. Idan likita ya tabbatar da haka, allurar da za ta sa ya tafi cikin barci ta fi a jefar da shi bayan gari ya mutu da ƙishi.

Wanda ya warke zai koma farauta ko gadi?

Gadi, mai yiwuwa, tunda haushi ne rabin aikin. Farauta da tsallake katanga kuwa a haƙura, domin sauran faifan ma irin ginin wanda ya fashe ne, kuma ciwon na iya dawowa a wani gurbin. A rage masa ƙiba, a hana shi hawa dakali da bayan mota, wanda ya yi ciwon wuya a daina ɗaure shi ta wuya, a koma ɗamarar ƙirji. Idan kuwa ɗan gajere ne da ya yi ciwon tun yana matashi, kada a sa shi barbara, domin 'ya'yansa na iya gadon abin.