Wa ke cin kuɗin da ake gutsira duk sanda ka saka kati a POS?

Idan ka biya da kati a shago, ba duka kuɗin ke shiga asusun mai shagon ba, ana ɗan gutsirar wani abu a hanya. Kaso mafi tsoka na bankin da ya ba ka katin ne, bankin mai shago ya ɗauki nasa, sai kamfanin da tambarinsa ke jikin katin, Visa ko Mastercard. To ga inda gizo ke saƙar: su waɗannan kamfanonin ba su suka ba ka katin ba, kuɗinka ma ba a wajensu yake ba, amma su ke yanke nawa bankin mai kati zai karɓa, su ke kafa ƙa'idojin da kowa zai bi. Mai shago kuwa ba shi da ta cewa, yana cewa ba ya karɓar Visa kwastoma zai wuce shago na gaba, shi ya sa yake maida cajin kan farashin kaya, har wanda ya biya da tsabar kuɗi sai ya sha.

A 2015 Tarayyar Turai ta yi doka ta ƙayyade kason bankin mai kati, kada ya wuce kashi 0.2 cikin 100 a katin cirar kuɗi, kashi 0.3 a katin bashi. Wato ka yi sayayyar Yuro 100 da katin cirar kuɗi, santi 20 kawai bankin zai samu. Amfanin dokar ya fito fili bayan Birtaniya ta fice daga tarayyar, domin a 2021 da 2022 kamfanonin biyu suka ɗaga cajin sayayya ta intanet tsakanin Birtaniya da Turai zuwa kashi 1.15 da 1.5, ninki biyar fa, alhali aikin bai canza ba, dokar ce kawai ta daina hawa kansu.

Amurka ta ƙara wani abu da ni dai na fi ganin hikimarsa. Wani gyaran doka na 2010 da ake kira Gyaran Durbin ya rage cajin manyan bankuna a katin cirar kuɗi, sannan ya tilasta kowane katin cirar kuɗi ya kasance yana aiki da aƙalla hanyoyin biyan kuɗi 2 da ba na kamfani ɗaya ba, mai shago ya zaɓi wadda ta fi masa sauƙi. Duk da haka a Satumban 2024 sai da ma'aikatar shari'ar Amurka ta maka Visa a kotu bisa zargin babakere, ta ce sama da kashi 60 cikin 100 na cinikin katin cirar kuɗi a ƙasar ta hannunsa yake bi.

Kuma maganar ba ta caji kaɗai ba ce. A Maris 2022 Visa da Mastercard suka dakatar da aiki a Rasha, ɗan Rasha da ke waje ya wayi gari katinsa ba ya aiki, a cikin gida ne kawai abubuwa suka ci gaba saboda ƙasar ta riga ta gina nata tsarin da katin Mir.

Mu a Najeriya muna da katin Verve, kuma a Janairun 2023 CBN ta ƙaddamar da katin AfriGo, abu ne mai kyau. Amma kati na gida shi kaɗai ba zai wadatar ba. Ya kamata doka ta taɓa har cajin da kamfanin katin ke karɓa wa kansa, don idan an matse kason banki ta can suke fanshewa, sannan a tilasta rubuta wa mai shago dalla-dalla nawa aka cire a kowane ciniki da kuma aljihun wa ya shiga.